Gadar Baba a Tsohon Lambu

Asabar, da hantsi

Yau Mutumin ya zo gidanmu da ledar lemu. Daga yau haka zan riƙa rubuta shi: Mutumin. Tun ina rarrafe nake ce masa Baffa, alhali ba mu haɗa jini ba. Abokin Baba ne kawai, kuma Baba ne ya koya masa riƙon kyamara. Na janye sunan. Ba zan iya faɗa masa ido da ido ba, ni da ko a aji aka kira ni sai muryata ta maƙale, amma a nan ba mai hana ni.

Ya zauna a falo yana murza hularsa a kan gwiwa. Baba bai fito ba. Tun Larabar da abin ya faru a lambu yana ɗaki, labule a sake. Umma ce ta karɓi gaisuwar, har da cewa Allah ya bar zumunci.

"Gada tana nan lafiya," in ji shi. "Ki ce masa kar ya sa komai a ransa, ina riƙe masa."

Riƙo. Ai ɓarawo ma riƙe jakar mutum yake yi.

Auta ya sha lemun har ya ɓata rigarsa. Ni ko kallon ledar ban yi ba.

Lahadi, da yamma

Ya kamata in bayyana yadda lambun yake, don an koya mana cewa rubutu mai kyau ba ya barin mai karatu cikin duhu, ko da kai kaɗai ne mai karatun.

Tsohon lambu yana tsakiyar gari, kuma ya girmi kakan kowa. Masu hoton da ke ciki kowa da wurinsa. Ba a rubuce yake ba, amma ba a ƙetarewa. Ƙofar dutse mai agogon da ya tsaya ta Dogo ce, a nan baƙi suke ɗauka da sun shigo, suna ta gumi. Tsohuwar igwar da yara ke hawa ta Mai Hula ce. Matakalar rumfar nan da rufinta ya zube ta Tsoho ce, shi ne babbansu, shi ke raba gardama. Gadar dutse da ke kan tafki ta Baba ce, kuma ita amare ke nema. Idan rana ta karkata, haske yakan bugi ruwa ya dawo fuskar mutum ta ƙasa, sai ka ga ko wanda ya kwana bai runtsa ba ya fito tas.

Shaidar wuri allo ne. Kowa yana da allon da ya jera hotunan da ya fi alfahari da su, ya ɗaura da safe, ya kwance da yamma. Wurin da ya wuni ba allo, ya zama na wanda ya riga ɗaurawa.

Mutumin ba shi da wuri. Da can yawo yake yi tsakanin bencina, yana roƙon masu shan iska su tsaya ya ɗauke su. Yanzu yana kan gada, a ƙarƙashin allon Baba.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Na bi ta lambu. Ba hanyata ba ce, amma na bi.

Na raɓe a bayan keken Mai Ƙanƙara na leƙa. Mutumin yana tsaye a daidai dutsen da Baba ke tsayawa, ya ɗan karkata kafaɗa yadda Baba ke yi. Har maganar Baba ya sata. Na ji shi yana ce wa wasu ango da amarya, "Ku kalli juna, ni ba ni da kyau." Suka yi dariya, ya danna. Wannan barkwancin na Baba ne tun kafin a haife ni.

Mai Ƙanƙara ta juyo ta gan ni.

"A'a, 'yar mai gada! Ya jikin baban naki?"

"Gajiya ce kawai."

Ta dube ni, ta dubi murfin kularta. "To, Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi ran nan da dangin angon nan suka watsa hotunan a tafki, ni har ƙwalla sai da na yi."

Na ce mata ina sauri.

Ba sai an ba ni labari ba, ina wurin. Abinci na kai wa Baba. Na ga hotunan suna yawo a kan ruwa. Na ji sunan da yayan angon ya kira Baba da shi, kuma ba zan rubuta shi ba. Na ji abin da Mutumin ya ce bayan ya gama yin tsuru-tsuru: "Ku yi haƙuri, ku dawo da amaryar gobe, ni zan sake ɗauka." Ni. A gaban Baba, a kan gadar Baba. Bai ce hotunan ba su da laifi ba. Bai ce wurin wanki aka ɓata su ba. Ni zan sake ɗauka.

Talata, kafin a shiga aji

Allah ya sa batirinsa ya mutu a tsakiyar ɗaukar amarya. Allah ya sa tsuntsu ya yi masa kashi a gilashin kyamara. Na san ba kyau. Na yi istigfari, sannan na ƙara da cewa ƙafarsa ta zame ya faɗa tafki, amma ta wajen da ba zurfi.

Talata, da yamma

Baba ya fito shan shayi. Ya zuba a kan tebur, a gefen kofin. Auta ne ya matsar da kofin, na tabbata. Na ranƙwashe shi ya yi ta ihu. Umma ta ɗauko tsumma, ta dube ni, ta goge teburin.

Alhamis, bayan an tashi makaranta

Na sami dabara, kuma a darasin kimiyya na same ta. Haske a miƙe yake tafiya. Duk abin da ya tsaya a gaban kyamara sai ya shiga, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba.

Lambu na kowa ne. Gada ma ta kowa ce, hoto ne kawai na mai wuri. Don haka na je da kayan makarantata da jakata, na zauna a ƙarshen gada, a daidai inda Baba kan roƙi mutane su ɗan gusa. Na buɗe littafin nazarin halittu. 

Wata amarya ta zo da ƙawayenta. Mutumin ya jera su, ya ɗaga kyamara, ya sauke. Ya matsa hagu, ni ma na gyara zama. Ya matsa dama, na miƙe ina karkaɗe siket.

"Wai wace ce waccan?" in ji babbar ƙawar. "Ke 'yan mata! Ɗan ba mu wuri mana."

Ban ɗaga kai ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma ban ɗaga ba.

"Kurma ce?"

"Karatu take," in ji Mutumin. "Ku ƙyale ta, jarrabawa ce ta matso."

"To ta tafi gidan ubanta ta yi mana!"

Ai nan ɗin ne. Ban faɗa ba, amma na faɗa a raina har sau biyu.

Suka tattara rigar amarya suka koma wajen Dogo, aka ɗauke su a gindin agogo, rana na dukan idonsu. Shafi guda na yi ta kallo har yamma, ko layi ɗaya bai shiga kaina ba.

Juma'a, da yamma

Wasu masu son hoto ma sun juya. Mai Hula ya wuce ya ce, "Sannu da aiki, Lauya." Ban san ko zolaya ce ko yabo ba.

Asabar, da rana

Umma da Baba sun je inda suka je tun da safe. Sun dawo da ƙaramar kwalbar magani. Umma ta shiga kicin ta kunna famfo, ya daɗe yana zuba.

Asabar, da yamma

Yau Mutumin ya yi min magana. Ba kowa a gada, sai ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ni, kamar mai lallashin kyanwa.

"Ɗiyata."

Na juya shafin littafina.

"Na san kina jin haushina. Ji, ba komai, ni ma ina jin haushin kaina. Amma ki saurara. In na bar gadar nan wuni ɗaya, Dogo zai ɗaura allonsa, kuma ko da igiya ba mai sauke shi. Babanki da bakinsa ya ce in tsaya."

Na ce, "Na ɗan lokaci ya ce." Muryata ta fito siririya kamar ta Auta, abin ya ƙara ƙona min rai.

"Haka ne."

"To yaushe za ka sauka?"

Ya kalli ruwa. Ya ciro ƙyalle ya goge gilashin da ba abin da ya same shi.

"Kin tambaye shi ko yana son dawowa?"

Wannan tambayar ce ba zan taɓa yafe masa ba. Wanda ya shekara da shekaru yana tsayuwa a wuri har dutse ya lotsa, shi ake tambaya ko yana son dawowa?

Da zan tafi ya ce in tsaya ya saya min ƙanƙara. Ko waiwaye ban yi ba.

Litinin, da yamma

Zaman gada ya daina aiki. Mutumin ya gano yadda zai durƙusa ya ɗauko mutane ta ƙasa, sama da rassan bishiya a bayansu, ni kuwa ba na fitowa. Na zauna a banza kamar buhu.

Amma da zan wuce na kalli allon Baba da kyau. Ya cire hoton tsakiya, na tsohuwar nan da jikokinta, ya sa nasa. Nasa, a allon Baba. Kuma na san matar da ke ciki. Malamar lissafinmu ce.

Malamar da ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta a aji. Ba ta daɗe da aure ba. A hoton tana zaune a bakin gada, ta cire takalmi, ƙafafunta na lilo, ta kwantar da kai a ƙirjin mijinta tana dariya baki har kunne. Hoton ya yi kyau. Na ƙi jinin rubuta haka, amma ni ba maƙaryaciya ba ce.

Baba yana da doka: ba ya rataye fuskar kowa sai ya tambaya. Tsohuwar nan ma sai da ya je har gidanta. Na san Malama. Ko da wuƙa a wuya ba za ta yarda a rataye wannan ba.

Talata, lokacin hutun tara

Ta ba mu aiki, tana zagayawa. Ta tsaya a kaina, ta duba, ta ce, "Daidai." Na buɗe baki zan gaya mata maganar hoton, na rufe.

Laraba, lokacin tara

Ban iya ba.

Laraba, da yamma

Baba ya kira ni, ya ce in karanta masa saƙon da aka turo masa a waya, wai rubutun wayoyin yanzu ƙanana ne. Wata ce ke tambaya ko zai ɗauki 'yarta da angonta a gada. Ya ce in rubuta mata ta nemi Baffa, hannunsa mai kyau ne.

Ni na rubuta. Da yatsuna na rubuta hannunsa mai kyau ne.

Gobe zan iya.

Alhamis, bayan an tashi makaranta

Na jira kowa ya fita. Tana goge allo.

"Malama, ina da magana."

"Ikon Allah. Mai shiru, yau ke ce da magana? Ina ji."

Na gaya mata. Tsohon lambu, kan gada, tsakiyar allo. Hannunta ya tsaya cak a sama.

"Wane hoton?"

"Wanda ba takalmi."

Ta ajiye abin gogewar a hankali. Da a nan na tsaya, da ba zan ji komai ba. Amma na ƙara da cewa, "Maza suna tsayawa suna kallo."

Gaskiya ce. Na ga mutum biyu sun tsaya. Ɗaya mai shara ne, kuma ina jin tsintsiyarsa yake gyarawa. Amma dai maza ne.

Ta ce, "Na gode," ba ta dube ni ba. Kunnuwana sun yi zafi har na iso gida.

Juma'a, da safe

Na ci abinci sosai. Umma ta ce ko an yi min albishir ne.

Asabar, da yamma

Ya zo. Mijin Malama.

Ina bayan keken Mai Ƙanƙara tun rana. Lambu cike, ga wata amarya a kan gada an gama gyara mata mayafi. Sai ga shi ya taho da sauri, ko sallama babu, ya tsaya a gaban allo. Ya kalla. Ya juyo.

"Kai ne mai wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, lafiya?"

"Matata ce kayan talla? Matata ka baje wa 'yan zaman banza?"

"Wallahi kyau hoton ya yi min, na so in tambaya, sai na..."

Bai ƙarasa ba mijin Malama ya shaƙe wuyan rigarsa. Hularsa ta faɗi ta gangara. Jama'a suka taru, yara suka sauko daga kan igwa. Amaryar ta ce wa ƙawarta, "Kai, ashe haka yake yi? Mu tafi kar mu ma ya rataye mu." Na ga fuskar Mutumin. Irin fuskar da Baba ya yi ran nan ce, sak. Ita na so in gani, kuma na gani.

Na ji daɗi. Zan sake rubutawa don kar gobe in ce ban ji ba: na ji daɗi.

Abin da ban lissafa ba shi ne allon. Mijin Malama ya fizge shi daga jikin gada, ya cire hoton matarsa, sannan ya buga allon a kan dutse. Ya rabe biyu. Hotunan Baba suka warwatse, ana tattaka su. Ban san lokacin da na fito ba, sai ganina na yi a durƙushe ina tsincewa.

"Ba don ɗalibar matata ba, da har yanzu ana nan ana kallonta," in ji shi, ya tafi yana huci.

Mutumin ya ɗauki hularsa. Ya dube ni. Na jira ya zage ni, har na shirya amsa. Sai ya sunkuya ya ɗauko wani hoto da ya faɗa kusa da ƙafarsa, ya goge shi a rigarsa, ya miƙo min.

Na karɓa don na Baba ne.

Lahadi, da rana

Tsoho ya tara masu hoto a matakalarsa. Na tsaya daga gefe, ba wanda ya kore ni.

Ya ce abin da aka yi ya zubar da mutuncin duk mai rataye kyamara a lambun nan. Ya ce Mutumin ya fita, ya nemi abincinsa a wajen katanga. Mutumin ya ce, "Na ji, Baba Tsoho, laifina ne." Ko gardama bai yi ba. Na so ya yi.

Sai Dogo ya yi gyaran murya. "To, gada fa?"

"Kai Dogo, ko gawa ba a ɗauke ba ka fara auna ɗaki," in ji Mai Hula.

"Tambaya na yi. Amare za su jira ne?"

Tsoho ya daɗe yana shafa gemu. "Gada ta mai gada ce. Amma riƙo ya ƙare, ba na sake ba wa kowa amana. Gobe ya zo da ƙafarsa ya ɗaura allonsa, ya ɗauki hoto da hannunsa. In ya zo, tasa ce. In bai zo ba, ka ɗaura naka."

Sannan ya juyo gare ni. "Lauya, kin ji hukunci. Ki kai gida."

Da gudu na taho. Murna nake. Wallahi murna nake.

Lahadi, da yamma

A kicin na sami Umma, na gaya mata komai, har da Malama. Ta kashe murhu. Ta rufe ƙofa.

"Ke kika yi wannan?"

"Umma, na ƙwato wa Baba gadarsa."

"Kin ƙwato. Sannu, jaruma. To wa zai tsaya a kai? Ke?"

"Baba mana. Ya huta ai."

Ta kama kafaɗuna da hannu biyu, hannunta duk ruwa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Idon ubanki ya tafi. Haske da inuwa suka rage masa, su ma likita ya ce ba su da tabbas. Auta ma ya sani. Bawan Allah nan ya tsaya a wurin ne don ubanki ya riƙa cewa yana da gada. Ke kuma kin je kin sa an shaƙe shi a gaban jama'a."

Na ce ai shi ma bai kare Baba ba ran nan.

"Ya kare shi da me? Ya ce hotunan sun fito? Ke ba ki gan su ba?"

Na gan su. Na ɗauko ɗaya da ya maƙale a bakin ruwa, hoton bai fito ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Muna cikin haka sai muka ji muryar Baba daga falo. Ashe yana nan zaune.

"Uwata. Kawo min jakar kyamara, da guduma, da ƙananan ƙusoshi."

Shi ya haɗa allon, da lalube. Ni nake riƙe ƙusa. Sau ɗaya ya sami yatsana, ban yi ko motsi ba. Bai tambaye ni komai ba, bai yi faɗa ba. Ya ce kawai in jera hotunan yadda suke da, in mai da tsohuwar nan tsakiya. Na ce ba ta cikin waɗanda na tsinto. Ya ce to in bar wurin haka.

Litinin, da yamma

Ban je makaranta ba. Tunda na shiga sakandare yau na fara fashi. Akwai gwajin lissafi.

Da muka fito zuwa lambu, a titi Baba ya riƙe jakata, kamar shi ke taimaka min. Da muka shiga ƙofar dutse ya saki. Daga nan ƙafarsa ta san hanya: ya kauce wa saiwar bishiya, ya hau gada bai taɓa ƙarfen gefe ba. Mai Ƙanƙara ta rangaɗa guɗa. Mai Hula ya ce, "Mai gada ya dawo, a gyara tsayuwa!" Baba ya yi dariya ya ɗaga musu hannu, hannun ya ɗan kauce daga inda suke. Ya ɗaura allon da kansa. Dogo yana zaune a benci na kusa, nasa allon a jingine da ƙafarsa.

Har rana ta yi tsaka ba wanda ya zo. Na yi ta addu'a kar kowa ya zo, ni da na yi kwanaki ina korar mutane don wannan ranar.

Da rana ta karkata sai ga wani da matarsa da jaririya. Baba ya tsayar da su da baki, ya ce su matso wajen dutse mai tsagi. Ya koma wurinsa, ya karkata kafaɗa. Yana ɗaga kyamara jaririyar ta fashe da kuka, uwar ta matsa gefe tana jijjiga ta, mijin ya bi ta. Baba ya danna.

Sai ya juyo da bayan kyamarar wajena, ya ce a hankali, "Uwata, duba min."

Bai taɓa ce wa kowa ya duba masa ba.

Na duba. Gada ta fito, ruwa ya fito, haske kamar zuma. Mutanen kuwa, kafaɗar mijin ce kawai a gefe.

"Mu gani mana," in ji mijin, ya fara tahowa. Dogo ya miƙe tsaye.

Na ce da ƙarfi, da muryar da ban san ina da ita ba, "Ku tsaya yadda kuke! Jaririyar ta rufe ido, za a sake."

Na matsa jikin Baba har kafaɗata ta taɓa shi. Na sa hannu a ƙarƙashin gwiwar hannunsa, kamar ina gyara masa igiyar kyamara. Na leƙa madubin bayan kyamarar ta gefen kunnensa, na tura gwiwar zuwa hagu kaɗan. Ya bi. Na ɗaga kaɗan. Ya bi. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Da su ukun suka shigo tsakiya na ce, "Yanzu."

Ya fito. Matar ta ce a wanke mata babba. Tsoho, da ke tsaye can baya, ya gyaɗa kai ya koma matakalarsa. Dogo ya saɓa allonsa ya ce, "Allah ya ba da sa'a," kamar mai haɗiyar magani.

Da za mu kwance allo Baba ya ce, "Gobe kina da makaranta."

"Zan kawo ka da safe. Da an tashi in dawo, ai sai yamma ake zuwa."

"Da jibi?"

"Da jibi."

"Da lokacin jarrabawa?"

Na ci gaba da kwance igiyar allon. Bai sake tambaya ba.

A wajen katanga na hango Mutumin. Ya kafa farin ƙyalle a bango yana ɗaukar ƙananan hotuna irin na katin shaida, ga hayaƙin motoci. Na ja Baba za mu bi ta ɗaya gefen. Ya tsaya.

"Baffanki yana nan?"

Na ƙara jan hannunsa.

"Na ji muryarsa. Kai ni."

Na kai shi. Na ɗora hannunsa a hannun Mutumin, na koma jikin katanga na tsaya da allon a ƙirjina. Sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, har da dariya. Ban gaishe shi ba. Shi ne ya ɗago ya ce, "Ɗiyata, in za ki tura gwiwar, ki bar shi ya fitar da numfashi tukuna." Ashe ta tsakanin ƙarafan katanga yana kallo.

Ban ce na gode ba.

Gada tamu ce. Ban yi nadama ba. Na rubuta ne in ga yadda zai yi a rubuce.

Gobe zan gwada maganar numfashin.